Launin Zaren Zakiyya

Ranar Alhamis ce ta ƙarshe da gidanmu ya wuni yadda ya saba. Da na dawo daga sallar asuba na tarar da Zakiyya, autarmu, zaune a bakin gado da wayarta, ta lulluɓe ƙafafunta da bargo, don sanyin damina ba ya yi wa mai sikila daɗi. Ta gaishe ni ba ta ɗago kai sosai ba. Na san abin da take yi. Kowace Laraba ake fitar da sababbin bede, littattafan nan na labari cikin zane, kuma tana ƙarasa waɗanda ba ta gama ba.

Da gari ya waye mahaifiyarta, Hamsatu, ta sayo makala, irin fanken nan namu, da wake a bakin layi. Zakiyya ta ci kaɗan, ta sha maganinta, ta dubi rigata ta ce, "Baba, wannan rigar ta fi ka daɗewa a lise. Ka bar ta ta yi ritaya." Lissafi nake koyarwa a lise ɗin, wato makarantar sakandare, kuma a shekarar ba ni da aji ranar Alhamis, sai na zauna a falo da takardun ɗalibai.

Da hantsi ta hau keken ɗinki ta yi wa wata mata bakin mayafi. Kafin azahar ta tsayar da taksi ta shiga gari, ta dawo da bede guda ɗaya na takarda a cikin leda. Mafi yawa a waya take karanta su, amma wanda ta sa wa rai sai ta nemo na takarda. Bayan azahar ta yi barci.

Da la'asar aka yi ruwa. Ta jira ya tsagaita, saboda ƙarar kwano tana ɓata mata murya, sannan ta shiga ɗakin ajiya ta rufe ƙofa. A nan, tsakanin buhun shinkafa da jarkar mai, take ɗaukar vokal ɗinta na mako, wato saƙon murya a waya, ta tura wa wani rukuni na masu karatu irinta. Daga falo muryarta kawai nake ji, Hausa da Faransanci a cakuɗe, sai dariya can ba a rasa ba.

Gab da magariba na gan ta da sabon littafin a cinya. Ta cire masa ƙarafunan tsakiya da bakin almakashi, ta huda ramuka da allura. Hamsatu ta kira ta ta zo ta kama mata tuwo, sai ta ajiye. Washegari da safe ciwon ya tashi a bayanta da ƙirjinta. Muka kai ta asibiti. A farkon makon da ya biyo Allah ya karɓi abarsa, tana da shekara ashirin da huɗu.

Zakiyya a nan unguwar Birik ta Yaoundé aka haife ta, a gidan da kakanta ya gina bayan layin teloli. A gadon asibiti ta fara karatun bede, tana 'yar firamare, lokacin da yayanta Awwal ya sayo mata tsofaffi a wajen masu baza littattafai a bakin titi. Bayan ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ciwo bai bar ta ta ci gaba ba, sai ta koyi ɗinki a shagon kawunta Sadisu, ƙanin Hamsatu, daga baya ta dawo da aikin gida.

Idon tela take duba jarumai da shi. Ta taɓa nuna mini wani mai tashi sama da doguwar alkyabba ta ce, "Wannan da zai biyo ta kasuwar Mokolo, kafin ya kama ɓarawo baro ya riga ya kama shi." Tana son labaran jiragen da ke tafiya duniyoyi masu nisa, amma tana jin haushi idan ba a nuna abin da matafiyan ke ci ba. Abin da ba ta yafewa shi ne jarumin da za a karya wa haƙarƙari a wannan shafi, a shafi na gaba a gan shi yana tsalle. Takan ce mai zanen bai taɓa kwanciya ba. Ba ta ƙara komai a kai, mu ma ba ma ƙarawa.

Ƙarafunan tsakiyar littattafan suna tsatsa a damshin Yaoundé, su ci takarda. Shi ya sa take cire su ta ɗinke kowane da zare. Wannan mun sani. Mun kuma san cewa ita da mutanen rukuninta suna ba juna aro, don mukan ga leda ta shigo, leda ta fita.

Bayan an watse daga zaman makoki muka zo kan kayanta. Kafin a raba abin da mamaci ya bari sai an fitar da na mutane, wannan ba ya buƙatar tambayar malami. Tufafi da keke ba su ba mu wahala ba. Littattafan ne suka cika kwalaye a ƙarƙashin gado, kuma ba ko ɗaya da aka rubuta suna a kai.

Hamsatu ce ta lura da zaren. Ta jera wasu a kan tabarma ta ce, "Malam, dubi nan. Wannan ja, wannan kore, wannan ruwan ɗorawa, ga fari."

"Wanda ya zo hannunta take ɗauka," na ce.

"Tela ba ya ɗaukar wanda ya zo hannunsa. A shagon Baffa, mahaifinmu, idan yadin mutane ya taru gab da salla, kowane mai kaya da launin zaren da ake ƙulla masa a gefe. Haka Sadisu yake yi har yau, kuma a wajensa ta koya. Waɗannan na mutum huɗu ne. Ko kuma launi ɗaya nata ne, sauran na mutane."

Maganar ta shige ni, don ta yi daidai da duk abin da muka sani. Na ware su launi launi. Jan ya fi yawa nesa ba kusa ba, farin bai taka kara ya karya ba. Sai guda ɗaya da ba zare, na ranar Alhamis ɗin. Wayarta da yatsanta take buɗewa, ba mu da hanyar kaiwa ga rukunin. Awwal yana Douala, ya ce shi bai san kowa a cikinsu ba.

Daga ranar Hamsatu ta rage cin abinci. Rashin 'yar ta ɗauke shi da haƙurin da ban yi tsammani ba, amma wannan ya tsaya mata. "Yarinyar nan ta sha wuya a duniya," take cewa, "ba zan bari ta kwanta da haƙƙin wani ba." Ni ma abin da ke raina ke nan, ban dai faɗa ba.

Sadisu ya ɗauki aikin cigiya. Ya bi layin teloli shago shago yana tambaya ko akwai wanda ya ba marigayiya aron littattafai, musamman mai jan zare, tunda shi ya fi yawan kaya. Hamsatu ta faɗa wa matan unguwa. Ba wanda ya zo. Da abin ya ishi Sadisu ya ce, "Yaya, in masu shi ba su fito ba, a ba masu gasa soya su naɗe nama, a yi sadaka da abin da aka samu da sunan masu kayan." Hamsatu ta ce a ƙara jira.

Sadisu bai jira ba. Ya je wajen Nata'ala, mai gasa soya, wato tsire, a bakin babban titi, ya tambaye shi ko yana sayen takarda, ya kwashe labarin duka ya gaya masa. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga Nata'ala a ƙofar gidanmu, babban mutum mai furfura a gemu, yana ƙamshin hayaƙi da yaji. Tare da shi akwai wata budurwa, Jannatu, mai aiki a kantin waya a unguwar Messa. Na tuna fuskarta a cikin masu gaisuwa, ban dai san alaƙarta da Zakiyya ba.

Bayan gaisuwa da addu'a Nata'ala ya ce, "Malam, wai mai jan zare ake nema?"

"Shi ne."

"To ai yana Faransa, wani yana Amurka. Kuma ko an biya musu jirgi ba za su so zuwa ba."

Jannatu ta ce, "Kawu Nata'ala, don Allah, gidan rasuwa ne." Sai ta juyo wajen Hamsatu. "Mama, launin ba na masu kaya ba ne. Hukuncinta ne. Kowace Alhamis in ta gama bayani sai ta faɗi zaren da littafi ya samu. Kore, a nema a karanta. Ruwan ɗorawa, zane ya yi kyau labari ya kasa, ko labari ya yi kyau zane ya kasa. Ja kuwa, an yi asarar takarda."

"Kuma rabin jan nan zalunci ne," in ji Nata'ala. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya. "Dubi wannan. Mutum ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, me kuma ake so? Ta ce wai takalminsa ba zai ɗauki nauyin ba. Takalmi! Ina yanka nama ina saurare, saura kaɗan in yanke yatsa don haushi."

"Kai ma kana cikin rukunin?" na tambaya.

"Ni ne ɗan adawa, Malam. Ba na karanta Faransanci da sauri, zanen nake bi, ita take gaya mini abin da suka ce. Sai in aika mata nawa vokal ɗin in ce ba ta da gaskiya."

Hamsatu ba ta yi dariya ba tukuna. Ta ce, "'Yata, na ji. Amma a cikinsu ba na aro? Mun sha ganin kaya na shigowa."

"Na aro ba ya zagayo Alhamis a hannunta, Mama. Kuma ba ta sa allura a abin da ba nata ba. Na taɓa roƙon ta ta ɗinke mini nawa, ta ce in kawo kaina ta koya mini, ita ba ta huda kayan mutane. Duk wanda kika ga zare a jikinsa nata ne. Mu ne ma muke riƙe da nata." Ta buɗe jakarta ta fito da wasu, duk da koren zare.

Na ɗauko na ƙarshen, wanda ba zare, na miƙa mata. Ta duba tsakiyarsa, ta nuna mana ramukan allurar. "Ta riga ta huda. Nata ne."

Hamsatu ta sauke numfashi, ta jingina da bango, ta ce alhamdu lillahi a hankali. Sannan ta yi tambaya a kan fararen.

Jannatu ta ce, "Waɗannan ba ta cika bayaninsu ba. Su ne take zuwa da su asibiti. Ta ce a cikinsu idan mutum ya ji ciwo yana daɗewa bai warke ba, kuma ana zana wanda ke zaune kusa da shi."

Na tambaya ko vokal ɗin ranar ƙarshe yana nan. Ta dubi Hamsatu, Hamsatu ta gyaɗa kai, ta kunna. Muryar ta fito da sauran yayyafi a bayanta. Ta yi bayanin wata mata da ke gyaran injin jirgi a wata duniya mai rana biyu, ta yaba yadda aka zana aljihunan rigar aikinta, ta ce a karon farko an nuna tukunya a kan wuta. Ta soki shafukan ƙarshe, ta ce an yi gaggawa. Sannan ta ce, "Akwai faɗa da yawa, na san Kawu Nata'ala zai ji daɗi, abin da ya ɓata mini rai ke nan. Amma gaskiya gaskiya ce. Kore."

"Kun ji ko," in ji Nata'ala, yana goge ido da bakin hannun riga. "Sau ɗaya muka taɓa shiryawa, shi ma sai da ta zage ni."

A wannan yammacin Hamsatu ta ci tuwo har ta ƙara miya.

Ga yadda aka yi da kayan. Tufafinta an raba wa mabuƙata a unguwar Nkomkana, ban da mayafi ɗaya da mahaifiyarta ta riƙe. Keken ɗinkin yana inda yake, Hamsatu ta koma taɓa shi. Masu koren zare suna wajen Jannatu, an jera su a kan wata kanta a bayan kantinsu, ana aro ana mayarwa. Masu ruwan ɗorawa mun aika wa Awwal. Jajayen Nata'ala ya zo da baro ya kwashe, ya ce ko shafi ɗaya ba zai ga yaji ba, kuma duk wanda ya sake kawo zancen naɗe nama ya nemi wani mai soya. Fararen na kai su ɗakin masu sikila a asibitin da take kwanciya, na ba ma'aikaciyar jinya ta sa a inda hannu zai kai daga gado. Wayar tana cikin aljihun teburina, ba mu nemi a buɗe ta ba.

Na ƙarshen Hamsatu ta ɗinke shi da koren zare, ta bi ramukan da Zakiyya ta huda. Yana falo, a kan takarduna, na kai tsakiyarsa da karatu.