Naman Layyar da Na Mayar

A unguwarmu a garin Tawa gidanmu ne kaɗai na Kirista, amma duk washegarin layya nama yakan yi mana yawa. Raguna sun wuni a jikin wuta, gari na wayewa kwanoni suna shigowa. Na maƙwabciyarmu ya fi kowanne, wata dattijuwa Bamaraɗiya mai sayar da atamfa. Ba ta aikowa, da ƙafarta take kawo mini cinya guda.

A shekarar da nake magana, akuyarta ta shigo ta cinye mini zogalen da na yi wata uku ina bai wa ruwan saye. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi. Na tsaya a bakin katanga na zazzaga mata masifa. Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Haba ɗiyata, akuya ta san dashe?" Dariyar nan ce ta tsaya mini a rai har kwana tara.

Ranar rabon nama ta yi sallama, kwano a hannu, an rufe da faifai. Ko tabarma ban shimfiɗa mata ba. Na ce, "Inna, mun ƙoshi. A kai wa akuya."

Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ce, "To." Ta juya da abinta, ta bi ta gaban matan da ke zaune a gindin itacen bedi. Duk wanda ya tashi a nan ya san abincin da aka kawo ba a mayar da shi, ko na maƙiyi ne. Na sani sarai, na kuma yi.

Ran Lahadi aka yi jibin Ubangiji a majami'a, inda muke cin gurasa mai tsarki tare. Fasto ya ce duk mai riƙe da wani a zuci ya fara zuwa su shirya. Na sunkuyar da kai, gurasa ta zo gabana, na ɗauka na ci saboda kada a ga na ƙi. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na roƙi gafarar Allah a ɗaka sau ba adadi, don shi ba ya kallona da idon Inna. Ƙofarta kuwa taku goma ce, na yi mako biyar ban iya taka su ba.

Da na gaji da kaina, na shiga wata safiya na same ta tana ninke atamfofi. Na durƙusa na ce, "Inna, na yi miki wulakanci a gaban mutane. Ki yafe mini."

Ta ce, "Waɗanne mutane? Da sunka tambaye ni, ce musu na yi ba ki lahiya, likita ya hana ki nama."

Mace mai salla biyar, ta yi ƙarya a ranar salla don ta rufa mini asiri, ni kuwa ina can ina lissafin ganyen zogale. Kuka ya ƙwace mini.

Ta ci gaba da ninkinta ta ce, "Ni na yahe tun rannan. Ƙaryar ce ta dame ni, ita nika roƙon Allah a kai. Ki taya ni roƙo a wurinku."