Ranar da Hannuna Ya So Ya Ɗaure Mutum Kamar Sa

Shekarun baya, ina sakandare a nan Wudil, na shiga sikawut. Gaskiya ɗaya ce, kaki da ƙyallen wuya suka ja ni. Ashe kafin a yi maka ƙarin girma sai ka nuna ka iya zaman daji: hura wuta ba kananzir, kafa tanti, bin sawu, ɗaurin igiya. Duk na haye ban da ƙullin ceto, wato madaukin da ake zura wa mutum a ƙirji a jawo shi, wanda komai nauyi ba ya matsewa.

Matsalar daga gida na taho da ita. Mahaifina dillalin shanu ne a Kara, tun ina ƙarami nake riƙe masa igiya ranar Juma'a. Hannuna zarge ya sani, ƙullin da sa yana fizga yana ƙara shaƙe shi. Sai in faro ƙullin ceto daidai, kafin in ankara yatsuna sun koma gida. Malaminmu ya ja igiyar ta matse, ya dube ni ya ce, "Kai, ceton mutum za ka yi ko kasuwa za ka kai shi?" Daga nan yara suka sa mini Sarkin Zarge, ni kuwa abin yana ci mini rai.

Wata rana da damina aka tura mu gwajin tafiyar ƙafa bibbiyu, mu bi alamu ta fadama zuwa wajen Darki, inda malam yake jira. Aka haɗa ni da wani abokina. Mahaifinsa ma'aikacin jami'a ne, su ba 'yan bakin kogi ba ne, ko kaɗan bai iya ruwa ba.

Yana gaba yana tsokanata, sai na ji ruf, na neme shi na rasa. Tsohuwar rijiyar lambu ce ciyawa ta rufe bakinta. Da na leƙa, ruwa ya kai masa wuya. Hannunsa ɗaya ya bugu, ɗayan ya damƙi wata saiwa, yashin bangon kuma yana ta zubo masa a ka. Na busa usur har kunnena ya toshe, ba kowa.

"Igiya! Don Allah jefo igiya!"

Na sauke ta daga kafaɗa, na ƙulla. A ido lafiya lau. Har na ɗaga hannu zan jefa, sai na tuna dokar malam: ba a jefa ƙullin da ba a gwada ba. Na zura ƙafa na ja. Nan take ya damƙe mini cinya. Zarge ne. Mai hannu ɗaya kuwa kansa zai fara zurawa, kuma da saiwar ta tsinke a lokacin, a wuyansa igiyar za ta tsaya.

"Me kake yi ne? Saiwar tana ƙara!"

"Tsaya, ina zuwa."

"In tsaya a kan me?"

Na kwance ƙullin. Na yi bismilla, na sake farowa a hankali, ina faɗin kowace lanƙwasa da baki kamar mai hadda, shi kuma yana kiran sunana yana salati. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na zura ƙafa na ja iya ƙarfina. Bai motsa ba.

Ɗaya bakin igiyar na kai gindin wata goba, nan kam na bar hannuna ya yi zargensa. Na jefa masa madaukin. Ya zura kai, ya cusa hannun mai ciwon yana ihu, sannan ya saki saiwar. Igiya ta miƙe, ta riƙe. Ba ni da ƙarfin fito da shi, sai na ci gaba da busa usur har wasu manoma suka ji, suka zo muka jawo shi.

Aka kai wa malam labari, ya iso a guje. Ya sa yatsu tsakanin igiyar da ƙirjin abokina, ya fizga.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Abokina, haƙoransa suna haɗuwa, ya ce, "Sarkin Zarge ne, malam."

Gwajin tafiyar dai mun faɗi, tunda ba mu kai Darki ba, sai daga baya muka sake aka ba mu lambar ƙarin girman. Da na nuna wa mahaifina ƙullin, ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ai ba zai riƙe sa ba." Na ce, "Baba, ya riƙe mutum."

Abin da yake dawo mini har yau ba rijiyar ba ce, ƙullin farkon ne. Wallahi da na dube shi ban ga aibinsa ba, kuma saura ƙiris in jefa. Shi ya sa ko ragon layya zan ɗaure sai na ja igiyar na gani tukuna, yarana suna yi mini dariya. Ina ƙyale su. Ba su ji yadda ya damƙe mini cinya ba.