Rumbun Malam Hassoumi

Wata tsohuwar mota da ta ƙi tashi ce ta haɗa ni da Malam Hassoumi. A shekarar 2006 ina birnin Greensboro, can ƙetaren teku, ina karatun digiri na uku a fannin tarihi, sai na je wani wurin sayar da tsofaffin motoci a High Point Road. Shi ne mai wanke motocin wurin. Dattijo ne mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, dogo, marar yawan magana, tafin hannunsa kamar faranti. Ana neman batirin da za a tada motar da na zaɓa sai ya hango littafin da na ajiye a kan motar, ya tsaya yana kallon hoton bangonsa, wato kangon birnin Uruk na ƙasar Iraƙi.

"Malam Ɗalha, wannan ginin ƙasa ne," ya ce, don ya ji an kira sunana.

Na ce e, ya kai shekara dubu biyar, yana cikin biranen farko da ɗan Adam ya kafa. Na gyara tsayuwa zan zuba masa lacca, don ni Bakano ne kuma ɗalibi, abu biyu da ba sa barin mutum ya yi shiru. Bai bari na je ko'ina ba.

"Mi ya sa garin ya hau tudu?"

Na fara jero sunayen masana. Ya girgiza kai. "Ɗaki ya faɗi, a baje shi, a gina wani bisa. Gidan kakana sai ka sauka taki uku daga hanya kafin ka shiga. Haka na, ko?"

Abin da na kwashe mako biyu ina karantawa ke nan, ya faɗe shi da soso a hannu. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma Asabar ta gaba na dawo da wasu littattafan, daga nan kuma ya zama mana al'ada.

Magini ne ɗan magini, rumbuna ne gwanintarsa. Fari ya tashe shi daga gida zuwa Yamai, daga can Kwatano, ƙarshe ya sauka Greensboro da matarsa Fassouma mai kitso da 'yarsu ɗaya, Chamsiya. Ba ya karanta Turanci, hotuna yake karantawa, kuma tambayoyinsa ba sa ƙarewa. Wa ya ciyar da masu ginin nan? Wace ciyawa suke kwaɓawa da laka? Mutanen Masar da suka koma ga dutse, laka ce ta ƙare musu ko girman kai ne? Da na nuna masa hoton wani tubali mai shatin yatsun wanda ya yi shi, ya ɗora nasa yatsun a kan takardar ya daɗe bai ɗauke ba.

Yana da nasa ra'ayin game da yadda dauloli suka faro, kuma ba ya karɓar gyara. "Rumbu ne, Malam. Ranar da mutum ya iya aje hatsin bana ya kai baɗi, ranar ya bar yawo. Sai a nemi mai tsaron rumbu. Mai tsaro ya samo sanda, ya samo 'yan'uwansa. Shi ke nan, kun yi sarki." Na gaya masa akwai manyan farfesoshi da suka rubuta kusan haka. Ya ce ashe suna da hankali.

Sai daga baya na gane abin da ke cin ransa. Chamsiya tana da shekara goma sha shida, tana aji ɗaya na babbar sakandare, kuma a makaranta ana koya musu waɗannan tsofaffin birane. Wata rana ya leƙa littafinta ya ce mata irin ginin da yake yi ke nan a gida. Ta yi dariya, ba da mugunta ba, ta ce, "Daddy, you wash cars," wato shi wankin mota ne aikinsa. Tana da shekara biyar suka zo, ba ta tuna komai, kuma ta daɗe da daina ba shi amsa da Hausa.

"Tsoro nake ji," ya ce mini, "in mutu ɗiyar nan ba ta san hannuna ya iya wani abu ba bayan soso."

Sai ya yanke shawarar gina rumbu. Wani ɗan garinsu, Alassane, yana da gida mai fili a Pleasant Garden, ƙasar wurin ja wur, mai danƙo. Malam Hassoumi ya ɗanɗana ta da harshe ya ce ta yi. Muka samo busasshiyar ciyawa wajen wani maƙwabci mai dawakai, Malam Hassoumi ya kwaɓa ta da ƙasar, ya bar ta ta ruɓa kwana biyar. Ya sa takalmin roba don sanyi, ya cire cikin minti biyu, wai ƙafa ce ke jin in laka ta nuna. Kullum in ya tashi aiki da la'asar sai ya ɗora zagaye ɗaya, ya bar shi ya sha iska. Bai gaya wa Chamsiya ba. Ya ce sai rumbu ya kai kafaɗarsa, ranar wata Asabar, Fassouma ta kawo ta.

A watan Janairu muka yi wannan aiki. A Tawa, lokacin sanyi shi ne lokacin gini, don ba mai ganin ɗigon ruwa sai bayan wata biyar. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana wanke taɓon ruwan Janairu a jikin motoci, amma yana taɓa laka sai lissafin watannin gida ya dawo kansa. Alassane ya kawo tamfal, ya ce a'a, rumbu iska yake so. Ni ma mai digiri biyu ban ce uffan ba, don a kaina sanyi da rani tare suke tafiya.

Ranar Laraba ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai Juma'a.

Da safiyar Asabar ɗin da aka tsayar Fassouma ta kawo Chamsiya muka tarar da tudun jar laka, ciyawa ta fito ta ko'ina. Malam Hassoumi ya tsaya da hula a hannu. "Rumbu arba'in na gina," ya ce, "ban taɓa mance duban sama ba." Ya roƙi Alassane ya buga wa Fassouma waya kada su zo, amma motarsu ta riga ta shigo. Na ji tausayinsa har na kasa kallon fuskarsa.

Chamsiya ta fito da fararen takalmanta, ta zagaya tudun. Uwarta ta gaya mata abin da aka yi niyya. Ba ta yi dariya ba. Daga gindi, inda zagayen farko ya riga ya bushe, wani ɓangare ya tsira mai tsawon kamu biyu, shatin yatsu huɗu a jere a jikinsa, layi bisa layi. Ta tsuguna ta sa yatsunta a ciki. Sun yi mata yawa.

"Baba," ta ce, da Hausarta mai tangaɗi, "ƙasar ta lalace, ko za a iya sake kwaɓawa?"

Ya ce, "Ana sakewa. Bisa wannan za mu ɗora."

Ta dubi lakar, ta dubi takalmanta, ta fara kwance igiyarsu. Malam Hassoumi ya juya mana baya yana gyara hular da ba ta buƙatar gyara, sannan ya ce wa Alassane ya kawo tamfal ɗin nan.