Tarihin Seu Adalberto Mai Rijiya da Wayar da Aka Sake Dasawa

An haifi Adalberto Queiroz, wanda ake kira Seu Adalberto, wato Malam Adalberto, ranar 9 ga Maris, 1951, a ƙauyen Brejo Seco kusa da garin Januária, ɗan Ubaldo maginin rijiya da matarsa Dona Zulmira, wato Malama Zulmira. A ɗakinsu na ƙasa kwaron da ke ɓuya a tsagar bango ya cije shi yana yaro, ya bar masa cutar Chagas mai lalata zuciya, wadda ta yi shiru har shekara hamsin.

Karatu da sana'a

Aji biyu ya yi, ya bi mahaifinsa. Rijiya sittin da ɗaya ya haƙa, uku kawai suka hana ruwa, domin ba ya sara ƙasa sai ya haɗa alama biyu: irin bishiyar wurin da launin ƙasar.

Aure

A 1976 ya auri Dalva Pimentel, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Ciwo

A 2012, yana tsakiyar haƙa wa ƙauyensu rijiyar da ya yi alkawari, zuciyarsa ta gaza, ƙafafu suka kumbura. Mata suka ci gaba da tafiyar awa guda neman ruwa. An sa masa na'urar daidaita bugun zuciya a 2013, ba ta amfana masa komai ba.

A 2015 likita Iracema Nobre ta ɗora hotunan zuciyarsa uku kan juna: na tsokar da ta mutu ta zama tabo, na jijiyoyin jini, da na ɓangaren da bugunsa ke makara. Ashe kan tabo aka dasa wayar da ke haɗa na'urar da zuciyar.

"Wato kan dutse kuka haƙa, Likita," in ji shi.

"Ba ni na haƙa ba, Seu Adalberto. Kwanta, ka rufe mini baki."

Ta mayar da wayar kan tsoka mai rai. Bayan wata takwas yana bakin ramin yana yi wa 'ya'yansa tsawa, aka kuma cimma ruwa a gaba goma sha huɗu. Kwalbar farko likitar aka kai wa. Iyali na gode mata har gobe.

Rasuwa

Ya rasu ranar 2 ga Yuni, 2024, aka binne shi washegari a maƙabartar cocin ƙauyen. Ya bar Dona Dalva da 'ya'ya huɗu: Gilmar, Nivalda, Osmar da Zuleide. Furannin kabarinsa, da ruwan rijiyar ake ba su.