Jan Layin Baba Gilashi

Shekara talatin da ɗaya Baba Gilashi ya yi yana hura bututun gilashi a ɗakin gwajin jami'armu, ni kuwa ina riƙe da sito, ƙofata na kallon tasa. A wancan zamanin ba a sayo komai. Shi ke ƙera bututu, ya gasa shi ya bushe, ya zuƙe iskar ciki da famfo, ya saka gas ɗan kaɗan, a ba shi lantarki ya yi haske. Sai a ja labule, a leƙa ta madubin da ke rarraba hasken layi-layi, kowane gas da nasa launukan. Baba bai gama firamare ba, amma ya san layukan nan kamar 'ya'yan cikinsa.

Wata Talata Farfesa, shugaban sashenmu, ya hango wani jan layi a bututun gas ɗin argon, wanda babu shi a jadawalin layukansa. Mako biyu yana aunawa, a zatonsa sabon abu ya gano. Ya ɗinka sabon kwat, ya fara rubuta takardar da zai kai taron masana.

Baba ya leƙa sau ɗaya, ya zo ya zauna a bencina yana gumi.

"Malam Sito, layin nan nawa ne."

"Naka kamar yaya?"

"Gas ɗin haidirojin ne, daga danshi. Ranar da zan gasa shi 'yata ta haihu, na bar bututun ɗanye na tafi. Numfashina ne a ciki."

"To, faɗa masa mana."

"Saura wata huɗu in yi ritaya. Mutumin da ya kori mai famfo a kan noti ɗaya?"

Kwana uku yana zuwa bakin ofishin Farfesa yana komowa. A na huɗu ya shiga da hula a hannu, ya ja ni shaida. Farfesa ya saurara har ƙarshe.

"Wato numfashinka nake aunawa mako biyu?"

"Ranka ya daɗe, wataƙila har da shayin da na sha."

Farfesa ya zura takarda a tafireta don rubuta sallamar Baba daga aiki. Amma doka ta ce sai an bayyana dalili filla-filla, kwafi uku, ɗaya zuwa majalisar farfesoshi. Ya buga kwanan wata, ya tsaya yana kallon gurbin dalili.

"Wa ya sani?"

"Mu uku ne kawai."

Ya zare takardar a hankali.

Baba ya yi ritaya a kan lokacinsa. Farfesa da kansa ya yi jawabin ban kwana, kuma abin da ya fi nanatawa, har sau huɗu na ƙirga, shi ne cewa Baba mutum ne mai riƙe sirri.