Kawu Abdulganiyyu da Maraƙin Saƙƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Abdulganiyyu, a gidansa da ke unguwar Aziziyya a Makka. Aka sallace shi a Harami.

Kawu, karatun fiƙihu ya kai ka Alƙahira, amma ka dawo mana Makka da labarin shanu. Har tsokanarka ake yi, wai malamin Fir'auna, kai kuwa sai dariya. Ka ce Misirawan dā sun zana dabbobi a bangon kaburburansu, kowace ta ba ka gefe, agwagi a jere, kyanwa a ƙarƙashin kujera. Wanda ya tsaya maka a rai shi ne zanen wani kabari a Saƙƙara: garke zai ƙetare ruwa, makiyayi ya goya maraƙi ya yi gaba, maraƙin ya waiwayo, uwar ta ɗaga kai tana kuka tana binsa, sauran shanu na binta. Ka ce nan ka tsaya kana hawaye, domin haka kakanku yake yi a gulbin Rima.

Mun ɗauka hira ce kawai, sai da rufin gidanmu na unguwar Kudai ya tsage. Inna Ruƙayyatu, yayarka, ta rantse ba ta barin ɗakin da mijinta ya rasu. Mun yi roƙo, mun yi kuka, ko gezau. Ga hadari yana haɗuwa. Ka zo, ka sunkuya ka goya 'yata Shaima, ka nufi mota.

"Kai, ɓarawon jika! Ina za ka kai min ita?"

"Yalla, taso Yaya, biyo ni ki gani."

Ta biyo ka da takalmi wari ɗaya, tana zagi har Aziziyya. A ruwan da aka yi cikin makon rufin ya rufta, daidai kan gadonta.

Shekaru suka shuɗe, Inna ba ta taɓa yi maka godiya ba, taurin kai gado ne a gidanmu. Da aka fito da makararka, ta dogara sanda ta miƙe, ta ce, "Abdulganiyyu, na gode." Wallahi Kawu, na so a ce ka ji.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Anti Maryama, da 'ya'yanka Talal da Nuf. Inna kuwa, Allah ya ba ta haƙurin rashin ƙane.