A-kori-kurar Kawu

Ni ba bakanike ba ne. Malamin firamare ne ni, alli na sani da allo, kuma a kansu na yi ritaya a Jega Sabon Gari. Amma duk wanda ya zo ƙofar gidana zai tarar da wata rumfar kwano, ƙasanta ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. A ƙarƙashinta ne ni da abokina muka farfaɗo da matattun ababen hawa huɗu: babura biyu, da wata ƙaramar mota ta wani tsohon malamin asibiti, sai ta farkonsu, wadda ta koya mana sauran, wato a-kori-kurar Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tun da na buɗe ido direba na san shi. Yakan ɗauko albasa daga Aliero ya kawo kasuwar Jega, ya koma da gishiri da kalanzir da duk wanda ya ɗaga masa hannu a bakin hanya. Da girma ya zo sai yanar ido ta kama shi, ya bar tuƙi ya koma ƙauyensu Kuberi, ya ajiye motar a bayan gida, gindin wata tsamiya. Damina da rani suka yi ta wucewa ta kanta. Tayoyi suka sace suka nutse a ƙasa, fenti ya ɓare, ƙofar gefen fasinja ma wani ya roƙa aka ba shi.

Wata babbar Salla na je gaishe shi, abokina ya raka ni. Shi mahauci ne, unguwa ɗaya muka taso, ina tsokanarsa da Sarkin Fawa ko da yake ba a taɓa naɗa shi komai ba. Muka tarar da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa tsugune gaban Kawu yana ta lallashi, wai a bar shi ya yanka motar ya kwashe, tunda ba ta da sauran amfani.

"Wagga mota ba a sa mata wuta ina raye," in ji Kawu. Sai ya juyo wajen da ya ji muryata. "Kai Malam, ɗauke ta. Ko inuwa kaka sha cikinta, na ba ka."

Na buɗe baki zan ce ba ni da wurin ajiye ta, sai abokina ya riga ni.

"Mun karɓa, Kawu. Kuma in Allah Ya yarda sai ta tashi."

Da muka zagaya baya na ce masa, "Sarkin Fawa, me ka sani a kan inji?"

"Mi gare shi?" ya ce. "Sa guda nika kwancewa gaɓa-gaɓa kullum. Wanga ai ko jini bai da."

"Ka taɓa mayar da san yadda yake bayan ka kwance shi?"

Ya kalle ni, sai muka fashe da dariya har Kawu ya ɗaga murya yana tambayar ko lafiya.

Ranar ba mu ɗauke ta ba, domin a kujerar direba akwai wata jar kaza tana kwanci. Na miƙa hannu ta kai mini sara. Matar Kawu ta ce babu mai taɓa motar sai an ƙyanƙyashe, Kawu kuma ya goyi bayanta. Haka muka jira mako biyu. Da muka dawo da tayoyin aro, wani Bafulatani maƙwabcin Kawu ya kawo shanunsa biyu na huɗa, aka ɗaura igiya. Yana yi musu magana da Fillanci a hankali, suka sunkuyar da kai suka ja, motar ta yi wata ƙara, ta fito daga ramin da ta yi wa kanta. Har bakin titin Maiyama suka kai mu. Daga nan wata motar itace ta ja mu zuwa Jega, ni ina riƙe da sitiyari babu birki, abokina a baya da guntun gungume, ko da za a buƙaci tokare taya. Duk garin da muka ratsa sai an nuna mu ana dariya, shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar wanda ya dawo daga Hajji.

Muka kafa rumfar, muka tsayar da Asabar da Lahadi bayan la'asar, lokacin da ya tashi daga kasuwa. Ba mu da littafi, ba mu da malami, sai sifanu biyar da na samu a akwatin Kawu da kuma tambaya. Duk abin da ya shige mana duhu, sai in naɗe shi a tsumma in kai gareji in nuna. Wasu su yi mini bayani, wasu su ce, "Malam, kawo ta nan mana ka huta." Ba su gane ba hutu muke nema ba.

Sai ga shi sana'ar abokina ta yi rana. Duk abin da ya kwance sai ya jera shi a kan tabarma daidai yadda ya fito, na dama a dama, na hagu a hagu, kuma kada wanda ya kuskura ya gusa masa ko noti ɗaya. Ni kuma nawa rubutu: gwangwanayen madara na tara, kowanne na sa masa lamba, na zana hoton inda kayan cikinsa suka fito a bayan wani tsohon kalanda. Mai ɗakina da farko ba ta so abin ba, saboda baƙin man da nake shafa wa butar alwala da labulen ƙofa. Daga baya ita ta ba mu tsohuwar tasarta muna wanke ƙarafa da kalanzir, kuma ita ta auna kujera da tafin hannu ta ɗinka mata riga da wani yadi mai kauri. Takan fito da kunun zaƙi ta tsaya tana kallonmu, ta ce, "To, yau wane sashe na marar lafiyar aka duba?"

Abin da ya fi ba mu yawo shi ne ƙofar nan da aka bayar. Kawu ya manta wanda ya ba, matarsa ta ce kamar mutumin Katanga ne. Muka hau babur muka je muna tambaya gida-gida, har aka nuna mana gidan wani manomi. Ga ƙofarmu nan tsaye, da gilashinta da hannunta, ita ce ƙyauren garken awakinsa. Mutumin ya ce shi ba ya rabuwa da ita, domin duk Katanga babu mai garken da ake leƙa awaki ta gilashi sai shi. Muka zauna aka sha fura, aka yi ta raha. A ƙarshe ya yarda, da sharaɗin mu yi masa wani ƙyaure, kuma ran da motar ta tashi mu zo ya gani da idonsa. Mako na gaba muka kai masa na katako, abokina ya huda masa 'yar taga a tsakiya. Muka dawo da ƙofar a kan babur, yana rungume da ita a baya, iska na neman kifar da mu.

Damina biyu aikin ya ci. Ranar da muka ɗaure noti na ƙarshe, tabarma ta zama wayam, gwangwanaye duk babu komai ciki. Muka zuba mai da ruwa, muka ɗaura batir. Na yi bisimilla na murza makulli. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi shiru. Na sake. Ya yi wata ƙara ta salansa kamar an harba bindiga, kajin unguwa suka watse, ya sake yin shiru. Asabar uku muna haka. Mun tura ta har ƙarshen layi mun turo ta baya, maƙwabta sun taya mu har sun gaji. Na fara tunanin ko dai mai sayen ƙarafa ne ya fi mu gaskiya.

Mai ɗakina ce ta ce, "Ku da kuke ta wahala, ga mai ita can zaune a Kuberi."

"Ai ba ya gani," na ce.

"Da ido aka ce maka ake jin tari?"

Washegari na je na ɗauko shi. Muka ajiye masa kujera a gaban motar, ya jingine sandarsa, ya ɗora tafin hannu a kan bodi yana shafawa a hankali.

"Murza in jiya," ya ce.

Na murza. Ya karkata kai.

"Ƙara."

Na ƙara. Sai ya yi murmushi.

"Wa ya jera wayoyin fulogi?"

Abokina ya nuna ni, ni kuma na nuna shi, muka manta ba ya ganinmu.

"Ko wa ne ne, ya ba na biyu wurin na ukku. Kama hannuna ka kai ni."

Na kama hannunsa na ɗora a kan injin. Yatsunsa suka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya cire biyu ya musanya su, ya goge hannu a rigarsa ta Juma'a.

"To, yanzu ba ta wuta kaɗan."

Na murza, na taɓa totur. Ta ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, rumfar kanta tana rawa, injin yana ta bugawa bai tsaya ba. Abokina ya yi tsalle ya jefa hularsa kan kwano, sai da aka sa gora aka sauko da ita. Mai ɗakina ta rangaɗa guɗa daga zaure, mata suka fito daga gidaje suna tambayar wa ya haihu. Kawu kuwa dariya kawai yake yi, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce a ba shi sukudireba, ya lalubo wani ɗan ƙaramin noti ya dinga juya shi kaɗan-kaɗan yana saurare, har ƙarar ta kwanta ta zama sumul.

"Haka muryatta take," ya ce.

Fenti shuɗi muka yi mata, irin na da. Sai da muka bari lokacin cire albasa ya yi, sannan muka shirya fita ta farko. Muka bi ta Katanga don cika alkawari. Manomin ya buɗe ƙofar ya rufe har sau uku, ya ce lalle ta fi kyau a nan. Daga nan muka miƙe Aliero, ni a sitiyari, Kawu a tsakiya, abokina a gefe ya fitar da gwiwar hannu ta taga.

Tun kafin mu shiga gari warin albasa ya tare mu. Kawu ya ce in danna ham sau biyu gajeru, sau ɗaya dogo. Na danna. Wasu dattawa da ke zaune kan buhuna suka miƙe tsaye. Ɗaya ya taho da gudu-gudu yana cewa, "Wagga ham na san ta! Direba, kai na? Ashe kana duniya?" Nan da nan aka kewaye mu. Waɗanda suka yi masa lodi suna samari, yanzu duk da furfura, suka dinga kama hannunsa suna faɗin ko su wane ne, shi kuma yana tuna musu wanda ya taɓa faɗowa daga saman kaya da wanda ya taɓa yin barci cikin buhuna aka kai shi Jega bai sani ba. Aka kawo tabarma, aka kawo abinci. Da za mu tafi suka ɗora mana buhu biyu, suka ce motar Kawu ba ta barin Aliero wayam.

A bayan gari akwai wani fili da aka gama cire amfani, shimfiɗaɗɗe, babu itace babu rami. Abokina ya taɓa ni ta bayan Kawu ya nuna mini shi da baki. Na gane. Na sauka daga titi na tsaya a tsakiyarsa.

"Mi ya faru?" in ji Kawu.

"Kawu, na gaji. Karɓe ni."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Kai yaro, kada ka yi mini wasa."

"Fili ne, babu kowa. Ni ne idonka."

Muka musanya wuri, ya zauna a kujerar direba. Ya gyara hula, ya taɓa madubin da ba zai duba ba, ya taka kuloci ya sa giya ba tare da ko ƙyas ba, abin da ni har yau ban iya ba. Muka tashi lallausan tashi. Ina cewa, "Dama kaɗan, Kawu. Miƙe. Yanzu hagu." Ya sa ta biyu, ya sa ta uku. Abokina a gefe yana ta kabbara, rabi murna rabi tsoro. Sau huɗu muka zagaya filin, a na ƙarshe ma kafin in ce hagu ya riga ya karya kan motar. Ya tsaya cak, ya kashe, ya bar hannayensa a kan sitiyari.

"Birkinku na ja gefen dama," ya ce. "Ku duba shi. Amma kun yi aiki. Allah Shi yi muku albarka."

Muka ce amin. Na karɓi tuƙi muka kamo hanyar gida da sauran rana. Ba mu yi nisa ba na ji nauyi a kafaɗata. Kawu ne ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, hularsa ta karkace. Abokina ya sa hannu ya gyara masa ita. Na sassauta gudu, ina kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya, motoci suna ta wuce mu, har muka shiga Jega bai farka ba.